Farantin da Ya Koma Madafa

Yayana Alhaji Salifou bai taɓa zagin ɗiyarsa Rékia ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka mugun uba ne. Bai zage ta ba, bai kore ta ba, in ta gaishe shi yana amsawa har ya tambaye ta sanyi. Abincinta kawai ya daina ci. Wanda bai san gidanmu ba zai ce wannan ai ba wani abu ba ne, amma ni da na raini yarinyar na san da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ni ce Zouera, ƙanwarsa. Daga Damagaram ya ɗauko ni ya kawo Paris lokacin da uwar Rékia ta rasu ta bar ta tana koyon tafiya, ni kuma aurena ya mutu ina zaune gida ina addabar mutane da surutu. Muka zauna a unguwar Goutte d'Or, can saman wani tsohon bene. Shi yana kawo fatu da kirgi daga gida yana sayar wa masu ɗinkin jaka da takalma, ni ina sayar da atamfa da turaren wuta a cikin ɗaki. Rékia ta tashi tsakaninmu, 'yar gata ta gaske. Alhaji a tabarma yake cin abinci, shi kaɗai, ita kuma tana maƙale a gwiwarsa tana jiran ya ƙoshi. Kamar kowane uba a garinmu, ba ya cinye kwanonsa. Sai ya zare ƙashi daga tsokar da ta fi kyau, ya gutsuttsura ta, ya tura gefen da take zaune, ya tashi wanke hannu kamar bai san da ita ba. Da ta girma ta shiga lakwal, wato makarantar boko, da 'ya'yan Faransawa, ta koyi zama a tebur da cokali mai yatsu, abin ya wuce da kansa, babu ma wanda ya lura da ranar da aka daina.

Yarinya ce mai kai. Da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare aka ɗauke ta a jami'a a Bron, kusa da Lyon, karatun tattalin arziki. Kai, mun sha labari! Babu wanda Alhaji bai gaya wa ba, daga masallaci har mai burodin ƙasan benenmu, wanda ko sunanta bai iya faɗa ba. Ashe ita tun hutun farko ta samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci, daga wanke-wanke aka ba ta yankan albasa, daga albasa ta kai ga tukunya. Kafin mu farga ta ajiye karatu ta koma wani ƙauye a Beaujolais, arewa da Lyon, ƙasar da ba a noma komai sai inabin giya. Tana aiki ƙarƙashin wani babban mai girki da manyan mutane ke tasowa daga nesa don cin abincinsa. Kowa Shef yake ce masa, ni ma ban taɓa riƙe sunansa ba.

Ranar da ta zo ta faɗa, Alhaji bai ɗaga murya ba, ya dai daɗe yana kallon tabarma. Ni na san abin da ke cinsa. Yana saurayi, kafin 'yancin kai, ya yi aikin boyi a gidan wani Bafaranshe a Zinder, wato Damagaram ɗinmu. Yana tsayawa bayan kujera da farin ƙyalle a hannu har su ƙoshi, sannan ya ci abin da suka bari a tsaye bayan madafa.

"Na ci ragowar Nasara," ya ce mata, "don kada ke ki tsaya musu."

Ta yi ta bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, cewa ba aikin boyi ba ne, sana'a ce, har makaranta ake yi mata, kuma ita ba ta taɓa kai giya bakinta ba. Ya ce ya ji. Da magariba ta dafa masa tuwo da miyar taushe irin wadda yake so, ya ce ya ci a waje. Tun daga ranar, duk hutun da ta zo ta ɗora tukunya, Alhaji ya ci a waje. Mutumin da ko shayi ba ya sha a waje! Ni kuwa sai in zauna in ci nawa in ci nasa don kada ta ga kwano a cike, har na yi ƙiba a banza. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da liman, duk ko a jikinsa.

Aka yi shekaru a haka. Sai a kakar 1986 ya ce shi fa ya gaji. Gwiwa ta ƙi matakala, sanyi ya shiga ƙashi, zai miƙa harkar fatu ga abokin cinikinsa Moutari ya koma Damagaram. Ba komawar hutu ba, komawa gaba ɗaya. Aka fara ɗaure kaya.

Rékia ta kira ni a tarho, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Gwaggo, in ya hau jirgin nan bai ci abincina ba, ba zai ƙara ci ba har abada. Ni na sani, ke ma kin sani."

Na sani kuwa. Ga shekaru, ga nisa, ga taurin kai. Na ajiye tarho na same shi yana naɗe dardumar salla, na buɗe baki zan fara, don na shirya masa doguwar magana wadda har da kuka a ciki. Bai bar ni na kai ko'ina ba. Ya ce dama yana son zuwa Lyon ya yi sallama da Malam Chaibou, abokinsa na ƙuruciya mai sayar da nama a can, in ya so daga nan sai a wuce a ga inda yarinyar take aiki. Na ji haushin asarar maganata, amma na yi shiru, abin da ba na yawan yi.

Rékia ta roƙi Shef, ya yarda. Za a ajiye mana tebur ranar Lahadi da rana, ba giya ba alade a duk abin da zai zo gabanmu, kuma babban abincin ita za ta dafa da hannunta yadda ta ga dama. Sai dai ta ce ba za ta fito ba sai an gama, a gidan nan mai girki ba ya leƙa wurin baƙi. Ta bayyana mini yadda suke yi. Shef yana tsayawa a bakin ƙofar madafa, duk farantin da ya dawo sai ya duba shi. In ya dawo fes, an share miya da burodi, to an yi daidai. In ya dawo da saura, sai ya kira wanda ya dafa, a tsaya a kan farantin a nemo laifin. Su a can ciki ba su san fuskar baƙo ba, farantinsa suka sani.

"Farantin Baba nake jira, Gwaggo," ta ce. "In ya dawo wayam, na san ya yafe mini. In ya dawo da abinci, bon, na san matsayina."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ina nan. A raina kuwa na ce ko da tsiya ko da arziki farantin nan sai ya koma wayam.

Da safe muka hau jirgin ƙasan nan mai gudu. Alhaji ya sha babbar riga shuɗiya ya ɗora kwat ɗin sanyi a kai, ni na ɗaura shaddata mai ruwan zuma wadda nake ajiya don biki. Tun daga Paris har Lyon bai ce uffan a kan yarinyar ba. Shanu ya yi ta kallo ta taga yana cewa ƙiba ta yi musu yawa, fatarsu ba za ta yi kyau ba.

Malam Chaibou ya tarye mu a gar, wato tashar jirgin, da tsohuwar motarsa Fijo. Suka yi gaisuwa kamar ba za su gama ba, gida, iyali, gajiya, mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu. Muka bar gari, hanya ta fara hawa tana lanƙwasa. Ban taɓa ganin gona irin wannan ba. Tudu bayan tudu duk inabi, layi-layi kamar kitso, ganye ya fara ja. Lokacin girbi ne, mutane sun duƙa cikin layuka da almakashi, wasu na ɗauke da manyan kwanduna a baya. Alhaji ɗan manoma ne, ya sa aka tsaya ya sauka, ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce tsakuwa ce zalla, ko gero ba zai yi ba. Sannan ya dubi tuddan ya girgiza kai, ya ce duk wannan wahala a kwalba za ta ƙare.

Da muka koma mota Malam Chaibou ya ce, kamar da hanya yake magana, jiya yarinyar ta zo har wurinsa da tattabaru a kwando, ta ce shi take so ya yanka da hannunsa, kuma ta tsaya har ta ji bisimillarsa da kunnenta. Alhaji ya ce uhm. Na san wannan uhm ɗin tun ina yarinya, amma har yau ban san fassararsa ba. Malam Chaibou ya sauke mu a ƙofar gidan ya ce zai je ya dawo, shi cikinsa bai saba da abincin da ake jira ba.

Daga waje gidan tsoho ne, na dutse, inabi ya hau bango. Ciki kuwa fari fat, babu tarkace, sai manyan tagogi da ke kallon gonaki, da tebura nesa da juna, kowanne da farin ƙyalle da fure ɗaya tak. Mutane cike, amma shiru kamar ana jiran liman. Ni da na saba da kasuwar Barbès sai na ji ƙarar awarwarona ta cika ɗakin. An dube mu, ba zan ce ba a duba ba, amma duban ladabi, kowa ya koma kan farantinsa. Wani dattijon garson mai furfura, shi ne babban masu kawo abinci, ya ja wa Alhaji kujera ya karɓi kwat ɗinsa da hannu biyu. Na ga yayana ya bi shi da kallo, shi da farin ƙyallen da ke rataye a hannunsa. Sannan ya ce masa marsi, a hankali, yadda ake yi wa tsara godiya.

Sai ga mai kula da giya, wani siririn mutum da ɗan kofin azurfa rataye a wuya. Na ce yanzu za a ɓata. Ashe an riga an gaya masa. Tulun gilashi ya kawo, ya ce ruwan inabi ne da aka matse da safen nan a gonar maƙwabta. Alhaji ya tambaye shi ko ya kwana, ya ce bai kwana ba. Ya sake tambaya, mutumin ya dafa ƙirji. Alhaji ya kurɓa, ya ce to ga shi Allah ya yi abu da daɗinsa, me ya kai su ajiye shi har ya lalace? Mutumin ya yi dariya ya ce wannan tambaya ta fi ƙarfinsa.

Aka fara kawo abinci. Jama'a, faranti kamar faifai, abin da ke tsakiya kuwa bai fi loma ba. Na farko wani ɗan abu ne mai ƙamshin cuku, na ɗauka ɗanɗano aka kawo a ji ko gishiri ya yi. Garson ya tsaya ya yi mana bayaninsa, bayanin ya fi abincin yawa. Bayansa miyar kabewa a ɗan kofi, ban san kabewa na iya santsi haka ba, ni da nake dafa ta tun ban kai tukunya tsawo ba. Bayanta kifin kogi, yanka ɗaya, kwance a kan wata koriyar miya mai tsamin yakuwa. Tsakanin kowane faranti da na bayansa sai a bar mu mu zauna, rana na shigowa ta taga, ana jin muryoyin masu girbi daga nesa. Tun ina ƙorafi a raina har na ji jikina ya saki, na daina duban ƙofa.

Alhaji kuwa ya ba ni mamaki. Duk abin da aka ajiye sai ya cinye, ya bi da burodi ya share. Yana yi yana tsokana, wai yau ya ga inda ake ba mutum abinci da awo kamar magani. Na ce alhamdu lillahi, hanya ta miƙe. Na ma fara tsara yadda zan ba matan unguwa labari.

Sai dattijon garson ya zo da faranti biyu rufe da murfin azurfa. Ya ajiye, ya ɗage murafun a tare, ya ce wannan babu shi a cikin abincin gidan, Madmazel Rékia ce ta yi shi domin mahaifinta.

Tun kafin in duba ƙamshin ya gaya mini. Tsamiya ce da citta da kanumfari, da wani abu can ƙasa-ƙasa wanda na rantse daddawa ce, ko da yake an ɓoye ta yadda Bafaranshe ba zai gane ba. Ƙirjin tattabara ne da cinya ɗaya a jingine, ya nuna sosai, ba irin nasu mai jini-jini ba, fatar ta yi ja tana ƙyalli. Ga 'yar wainar gero a gefe, ga 'ya'yan inabi da aka gasa har suka fashe. Inda su suke zuba giya a miya don tsami, ita tsamiya ta sa. Na kai loma ɗaya sai ga ni a tsakar gidanmu na Damagaram, ranar da Innarmu ke dafa wa Babanmu tattabaru in ya dawo daga fataucin rani. Yarinyar ba ta taɓa ganin Inna ba. A bakina ta ji labarin, ni ban ma san tana saurara ba.

Na saci kallon Alhaji. Ya yi bisimilla, ya yanka, ya kai baki. Ya daina tsokana. Ya tauna a hankali, idonsa a kan faranti, ya sake yanka. Ya ci cinyar, ya ci wainar, ya dangwali miya. Ni har na fara jin ƙwalla, ina cewa a raina ci, yayana, ci, Allah ya ƙara maka yunwa.

Sai ya tsaya. Ya ɗan yi wasa da wuƙa a cikin farantin, ya ajiye ta, ya ajiye cokali, ya goge baki, ya jingina da kujera ya juya yana kallon gonaki. Rabin ƙirjin tattabarar na nan, wurin da ya fi kyau, bai ci ba.

Na Nasara ya share har da burodi, na ɗiyarsa ne zai bari? Na ce masa ƙasa-ƙasa ya ƙarasa mana, ai loma biyu ce. Ya ce ya ƙoshi. Ya ƙoshi da me? Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, ya janye ƙafar bai ko dube ni ba. Na hango dattijon garson ya taho, ya ga farantin, ya rage tafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, tausayin yarinyar nan ya kama ni, tana can tsaye cikin zafi tun safe tana jiran faranti ɗaya. Na ce to, abin da na saba yi a gida shi zan yi a nan, in an ga rashin kyautawa a gani. Na miƙa cokalina zan tsame naman.

Alhaji ya riƙe mini hannu. Bai matse ba, amma bai saki ba.

"Ba naki ba ne, Zouera."

"Yaya, in farantin nan ya koma haka..."

"Yaushe kika fara cin rabon yara?"

Na dubi farantin, wannan karon da kyau. Ashe ba wasa yake yi da wuƙa ba ɗazu. Ya gutsuttsura naman ƙanana-ƙanana, ya tattara shi a bakin faranti, ya ja sauran miyar ya lulluɓe shi da ita. Kuma gefen da ya tura shi, gefen ƙofar madafa ne. Ni Zouera, na janye cokalina.

Garson ya iso ya tambaya cikin ladabi ko akwai abin da bai yi wa Misye daɗi ba, ko a sake masa wani. Alhaji ya ce a'a, komai ya yi, a ɗauka. Shi a ganinsa ya gama nasa, don a gidanmu kwano in ya tashi daga gaban uba kowa ya san inda yake zuwa. Garson kuwa bai san wannan ba, shi dai abinci ya gani a faranti. Fuskarsa ta sauya, ya ɗauka ya nufi madafa.

Nan hankalina ya sake tashi. Ni da na ga al'adar nan da idona shekara da shekaru sai da aka riƙe mini hannu kafin in gane, ina ga yarinyar da ta gaya mini da bakinta abin da take jira? Kuma na san inda ragowa ke zuwa a irin wannan gida, kwandon shara. Na miƙe na ratsa ɗakin nan mai shiru, shadda na ƙara, awarwaro na kaɗawa. Wani ma'aikaci ya nuna mini hanyar bayi, na ce ba can za ni ba.

Ƙofar madafa irin mai lilo ce. Na tura ta kaɗan na tsaya, zafi da ƙarar tukwane suka buge ni. Shef na tsaye a bakin wani dogon tebur na ƙarfe, gajere ne mai kauri, farantin na hannunsa. Ya shinshina, ya dangwali miyar da ɗan yatsa ya ɗanɗana, ya ɗaure fuska don bai sami laifin ba. Ya kira sunanta. Sai ga Rékia daga wajen murhu, cikin farar riga da farar hula, ta rame, gumi a goshi. Tun daga nesa ta hango abinci a farantin, na ga kafaɗunta sun sauka. Shef yana tambayarta ko naman ya dahu da yawa ne, ko tsamin ya zarce, tana cewa wi Shef, wi Shef, wato i Shef, ba ta ma jin abin da yake faɗa. Sauran masu girki kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Ya miƙa farantin ga mai wanke-wanke.

Na buɗe baki zan yi magana, ban kai ga yi ba ta ce a dakata.

Ta karɓi farantin da hannu biyu. Ta dube shi, ta juya shi kaɗan yadda naman ya dawo gabanta, ta daɗe a haka. Sannan ta goge hannun dama a jikin riga, ta jawo wani akwatin kayan miya da ke kife, ta zauna a kai can ƙasa, ta ɗora farantin a gwiwa. A madafar da ba a zama, ba a ci, ga shi ana tsakiyar aiki. Ta sa yatsu ta fara ci kaɗan-kaɗan, hawaye na zuba ba ta share ba.

Shef ya dube ta, ya dube ni a bakin ƙofa, ya buɗe hannuwa yana neman bayani. Faransancina na kasuwa ne, amma ya isa. Na ce masa a garinmu uba yakan rage wa ɗansa abinci a kwano, kuma abin da ya fi daɗi yake ragewa. Ya sosa ƙeya. Sannan ya juya ya daka wa sauran tsawa su ci gaba da aiki, ya matsa ya tsaya a gabanta ya ba ta baya, yadda masu wucewa da tukwane ba za su bangaje ta ba.

Ta cinye, ta bi miyar da yatsa har farantin ya yi fes. Ta ɗago ta gan ni. Ta miƙe ta wanke hannu ta koma kan murhunta.

Na dawo tebur na tarar an kawo kayan zaƙi, wani abu na tuffa da zuma. Alhaji bai taɓa nasa ba. Yana nan yadda na bar shi, fuska a taga, can waje masu girbi sun taru a inuwar mota suna cin abincinsu. Na zauna na gyara ɗankwali, na ce a raina yau kam shi zai fara.

Sannan, bai juyo ba, ya ce:

"Ta ci?"

"Ta ci, Yaya."

"Duka?"

"Har ta suɗe."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki ƙyallen goge baki ya kai ido, ya ce hasken tagar nan ya yi yawa. Sai ya jawo farantin tuffar gabansa, ya raba ta biyu da cokali, ya tura rabi gefe.